Tsakanin Aron Iri da Satar Dami

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya fitar da ɗan Adam duniya bai san kome ba, sannan Ya hore masa ji da gani da hankali domin ya koya. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa wani al'amari ne da ya faru a gabanmu da daminar da ta wuce. Mun je wani ƙauye duba limaminsa da ke kwance ba lafiya, ranar kuwa Juma'a ce. Jama'a suka nemi mu yi huɗuba, mu kuma muka ce a bar wani saurayi ɗan garin, wanda ya yi karatu a wurinmu, ya gwada. Yaron ya hau mumbari da murya mai daɗi da Larabci mai tsabta. Ya yi huɗuba a kan almubazzaranci. Ya tsawata wa masu zubar da tulin shinkafa da nama a shara bayan walimar aure, da masu sauya mota kowace shekara, da masu cika ɗaki da tufafin da ba su sa ba. Watan Agusta ne. Rumbunan garin sun daɗe da yin ƙasa, gero bai nuna ba, gidaje da yawa tafasa da zogale ne abin kalacinsu. Da aka sallame, wani dattijo ya matso kusa da mu, ya ce a hankali: "Allah gafarta Malam, yaron nan da wa yake?"

Da muka keɓe da shi muka tambaye shi, bai ɓoye ba. Ya ce a wayarsa ya saurari huɗubar wani babban malami na ƙasar Larabawa, ta burge shi, ya rubuta ta, ya fassara ta kalma da kalma. Muka nuna masa bai kyauta ba. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce: "Malam, a gafarce ni. Ai ku ma daga littattafai kuke ɗaukowa. Ina bambancin abin da na yi da abin da kuke yi?"

Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba shi kaɗai take damu ba. Tana damun mai wa'azi, da mai rubuta waƙa, da magini, da maɗinki, da duk wanda ke son ya fito da abu nasa alhali kome ya sani daga wani ya koya. Saboda haka muka ga ya dace mu ba da amsar a fili.

Babu mai farawa daga babu

Farkon abin da ya kamata mu tabbatar shi ne, yaron ya yi gaskiya a rabin maganarsa. Lalle daga wasu muke ɗaukowa. Samar da abu daga babu siffar Allah ce Shi kaɗai. Ɗan Adam kuwa mai sarrafawa ne: yakan tarar da ƙasa ya yi tukunya, ya tarar da kaɗa ya yi zare, ya tarar da kalmomin da iyayensa suka sa masa a baki ya yi magana. Wanda ya ce fasaharsa ba ta da uba, ko dai ya manta malamansa ko kuwa yana ɓoye su.

Mu dubi littattafan da ke cikin zaurukanmu. Jalalaini, wanda ake jan baƙi ana fassarawa da shi a masallatanmu kowane watan azumi, aikin mutum biyu ne. Jalaluddini Mahalli ya yi tafsiri daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshen Alƙur'ani, ya haɗa da Fatiha, sai ajali ya riske shi a shekara ta 864 Hijira. Ɗalibinsa Jalaluddini Suyuɗi, yana saurayi ɗan shekara ashirin da kaɗan, ya ɗauki ragowar daga Baƙara zuwa Isra'i, ya kammala cikin kwana arba'in. Ya bi salon malaminsa sau da ƙafa, har mai karatu da wuya ya gane inda hannun wannan ya tsaya na wancan ya kama. Wannan saurayin da ya yarda ya saka ƙafarsa cikin sawun wani, shi ne daga baya ya wallafa ɗaruruwan littattafai, har sunansa ya iso ƙasarmu tun yana da rai, ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina.

Alfiyyar Ibnu Malik, wadda ɗaliban nahawu ke haddacewa, ba ita ce ta fari ba. Ibnu Mu'uɗi, wanda ya rasu a 628 Hijira, ya riga shi tsara nahawu cikin baiti dubu. Ibnu Malik, wanda ya rasu a Dimashƙa a 672, ya ga aikin, ya ɗauki dabarar, ya sake tsari, ya fito da abin da ya fi na farko karɓuwa. Amma tun a baitocin buɗewa ya ambaci sunan wanda ya riga shi, ya yarda cewa rigaye ya ba shi fifiko da cancantar yabo, ya kuma haɗa shi da kansa cikin addu'a.

Ishiriniya da ake rerawa a garuruwanmu lokacin Mauludi ita ma haka take. Asalinta na Alfazazi ne, mutumin Andalus, wanda ya rasu a 627 Hijira. Abin da bakinmu ya saba da shi kuwa har da ƙarin Ibnu Mahibi, wanda ya yi mata tahamisi. Tahamisi shi ne mawaƙi ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya ɗora masa ɗango uku nasa a gaba, baitin ya zama mai ɗango biyar, bisa karin waƙar ta asali. Ku duba wannan ladabi. Malamanmu sun ƙago wata hanya sukutum wadda mutum zai yi gini a kan aikin wani, kowa kuma ya san wane tubali ne na wane.

Gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu a 1754, ya kuma bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, ya riƙe wannan al'ada. Waƙar nan Tabbat Haƙiƙa Shehu ne ya yi ta da Fulatanci, ƴarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Hannu uku a waƙa ɗaya, babu wanda ya shafe sunan ɗan'uwansa.

To, idan manya irin waɗannan sun yi aro, aro ba abin kunya ba ne. Sauran rabin tambayar ne ke buƙatar bayani.

Misalin manomi biyu

Kowa a cikinmu ya san aron iri. Manomi ya ga geron maƙwabcinsa ya yi zangarniya mai kyau, sai ya je ya roƙi tiya ɗaya. Ya shuka a gonarsa, ya yi noman fari da maimai, ya kai taki, ya kori tsuntsu. Abin da ya girbe nasa ne halal, ko da yake irin na wani ne. In an yaba geron yakan ce: "Irin wane ne ya ba ni." Wannan faɗar ba ta rage masa ko dami ɗaya, maƙwabcin kuma ya ji daɗi.

Wani manomin kuwa ya bari sai dare ya yi, ya buɗe rumbun maƙwabci, ya ɗauko dami, ya jera a ƙofar gidansa yana cewa noman bana ya yi kyau. Dukansu biyu daga gonar mutum ɗaya suka samu. Na farko ya ɗauki abin da zai tsiro, ya haɗa shi da ƙasarsa da guminsa, ya kuma faɗi inda ya samo. Na biyu ya ɗauki abin da aka riga aka gama wahalarsa, bai ƙara kome ba, ya kuma ɓoye. Badi na farko yana da iri nasa na kansa, har ya ara wa wani. Na biyu kuwa badi ma sai ya koma rumbun mutane.

Daga wannan misali muke fitar da sharuɗɗa uku na aro mai albarka.

Sharaɗi na farko: a ɗauka da yawa, a bari ya narke

Wanda ya san malami ɗaya tak, ko mawaƙi ɗaya tak, ba shi da mafita sai ya zama inuwarsa. Muna ganin samari masu wa'azi da suka kwaikwayi wani shahararren malami har tarinsa da yadda yake gyara rawani. Hausawa kuwa sun ce kama da wane ba ta wane. Maganin wannan shi ne yawaita mashaya. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana a Muƙaddimarsa cewa mai son ya iya waƙa sai ya haddace mai yawa daga waƙoƙin gwanaye, har wani masaƙi ya kafu a cikin zuciyarsa wanda zai riƙa saƙa a kai. Ya kuma kawo ra'ayin cewa yana da kyau bayan haddar mutum ya manta lafuzzan, saurarsu kawai ta zauna masa. Ana ba da hikaya mai kama da wannan game da mawaƙin nan Abu Nuwas, cewa malaminsa ya hana shi yin waƙa sai ya haddace waƙoƙi dubu na magabata, da ya haddace kuma ya ce ya je ya manta da su, sannan ya ba shi izini.

Manufar a bayyane take. Abinci ba ya zama ƙarfi a jiki sai ya bar kamanninsa. Abin da ɗalibinmu ya ji a waya da daddare ya kawo shi mumbari da rana, bai kwana a cikinsa ba balle ya narke.

Sharaɗi na biyu: a shuka a gonar kai

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya wallafa tafsirinsa Liya'ut Tawili, ya kuma tattaro shi daga tafsiran da suka gabace shi, irin su Jalalaini da Baidawi da Ahkamul Ƙur'an na Ibnul Arabi. Bayan ya gama sai ya dubi ɗaliban ƙasarsa, ya ga littafin ya yi wa masu ƙaramin ƙarfi nauyi. Ya sake yin wani taƙaitacce, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, ya tsaya a kan ruwayar Warshu da mazhabar Malik, domin su mutanensa ke karatu da aiki da su. Ilmin na Misira ne da Andalus da Farisa, amma awon na mutanen Gwandu ne. Maɗinki nagari kan sayo yadi daga nesa, sai dai jikin mai riga yake aunawa.

A fagen hikaya ma akwai silsila mai ban sha'awa. Badi'uz Zaman Hamazani, wanda ya rasu a 1008, shi ya fara irin labaran nan da ake kira maƙama, na wani mawayaci mai fasahar baki da ke yawo gari gari. Hariri na Basra, wanda ya rasu a 1122, ya bi sawunsa ya rubuta maƙama hamsin, ya kuma faɗa a gabatarwarsa cewa bin Hamazani yake yi. Littafin Hariri ya ƙetaro hamada ya shiga zaurukan ƙasar Hausa, ɗaliban lugga suna karanta shi. Cikin waɗanda suka san shi akwai Abubakar Imam, wanda ya shiga gasar rubutun Hausa ta 1933 da littafinsa Ruwan Bagaja, daga baya kuma ya faɗa da bakinsa cewa ya kwaikwayi Abu Zaidi na Hariri. Amma wanda ya karanta labarin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba ya jin ƙamshin Basra. Kasuwanninmu yake gani, da alƙalanmu, da irin ba'ar da muke yi wa juna. Irin ya yi tafiyar shekara ɗari tara, ya tsiro a ƙasar Hausa da ɗanɗanon ƙasar Hausa.

Ba a littafi kaɗai abin ya tsaya ba. A ƙauyen Yama cikin jihar Tawa, magini Alhaji Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya ci gaba da gyara shi da ƙara masa bakan gizo da ƙubba da hasumiyoyi huɗu a shekarun da suka biyo baya. Babu ɗaya cikin waɗannan da shi ya fara a duniya. Ya ga na wasu, ya gaji na maginan Hausa, ya sarrafa da yumɓun garinsu da hannun mutanen garinsu. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine, masana daga ƙasashe masu nisa suna zuwa kallo.

Da ɗalibinmu ya bi wannan hanya, da ya ɗauki ma'anar huɗubar ya tambayi kansa: ina almubazzarancin garinmu yake? Da ya same shi a wurin magidancin da ke sayar da gero da kaka a kan araha don bikin da ya fi ƙarfinsa, sannan ya sayi tiya da tsada da damina, ko ya ci bashi da ruwa. Da ya faɗi wannan, da dattijon nan bai tambayi da wa ake ba.

Sharaɗi na uku: a faɗi mai iri

Wannan shi ne sharaɗin amana. Al'ummarmu al'ummar isnadi ce. Malaman hadisi sun ƙare rayuwarsu suna tantance wa ya ji daga wa, kuma har yau mai ba da ijaza yakan jero malamansa ɗaya bayan ɗaya. Imam Suyuɗi ya ɗauki jingina magana ga mai ita a matsayin albarkar ilmi, har ya rubuta wata risala musamman a kan bambancin mawallafi da ɓarawo, bayan wani ya kwashi aikinsa bai ambace shi ba. Kuma ya inganta daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi gargaɗi mai tsanani ga mai nuna ya mallaki abin da ba a ba shi ba, ya kamanta shi da mai sanye da tufafin ƙarya.

Wani zai ce: in dai maganar gaskiya ce kuma jama'a sun amfana, mene ne laifi in ba a faɗi mai ita ba? Ai ilmi ba gonar kowa ba ne. Muna amsawa da cewa lalle ilmi ba a katange shi, kuma babu mai neman liman ya jero sunayen littattafai a kan kowace jimla ta huɗuba. Abin da ya zama sananne ga kowa ba ya buƙatar jingina. Amma wanda ya ɗauko aikin mutum ɗungum, ko wata fahimta da Allah Ya buɗa wa wani shi kaɗai, ya yi shiru har aka yaba masa, ya cuci mutum uku. Ya cuci mai aikin, domin ya hana shi addu'ar waɗanda suka amfana. Ya cuci masu sauraro, domin ya toshe musu hanyar komawa ga asali su bincika, kuma za su kawo masa tambayoyin da suka fi ƙarfinsa suna zaton shi ne mai zurfin, shi kuwa kunya ta hana shi cewa bai sani ba. Ya kuma cuci kansa, domin ya saba wa ransa da cin yabo ba da aiki ba, wannan kuwa ƙofar riya ce. Kayan aro ba ya rufe katara.

A zamanin kaset ɓoyon yakan daɗe. Yau kuwa wayar da ka ɗauko huɗubar a cikinta tana aljihun rabin masu sauraronka. Amma ba tsoron tonon asiri ya kamata ya hana mumini ba.

Gargaɗi ta ɗaya gefen

Kada wani ya fahimci maganarmu a karkace, ya ce to shi ba zai karanta na kowa ba don kada ya zama mai kwaikwayo. Wannan girman kai ne da ya yi shigar tsantseni. Wanda ya ƙi aron iri gonarsa ciyawa za ta fitar. Kwaikwayo matakin farko ne da babu makawa sai an taka shi: yaro a makarantar allo yakan bi rubutun malaminsa da alƙalami kafin hannunsa ya faɗa, ɗan koyon ƙira yakan shekara yana zuga yana kallo. Da rarrafe yaro kan tashi. Aibin shi ne mutum ya yi gemu yana rarrafe.

Haka nan, maganarmu a kan fasaha take, wato yadda ake tsara zance da waƙa da gini da sana'a. Ibada kuwa babu mai ƙago ta, bi ake yi. Mai huɗuba ba shi da ikon sauya hukunci, amma wajibinsa ne ya nemo misalin da zai kai hukuncin cikin zuciyar mutanen da ke zaune a gabansa, da harshen da suke ji da damuwar da suka kwana da ita.

Abin da ya biyo baya

Mun ba ɗalibin nan aiki. Muka ce ya koma ga huɗubar da ta burge shi, ya nemo wasu biyu a kan almubazzaranci, ya karanta abin da malaman tafsiri suka ce a kan ayoyin, sannan ya rufe duka ya ajiye waya har mako biyu. A cikin makonnin ya zauna da dattawan garinsu da masu awo a kasuwa ya ji inda dukiyar mutane ke zurarewa. Bayan nan ya rubuta tasa, in kuma ya kawo wata magana ta malamin can, ya ce ta wane ce.

Da kaka ya sake hawa mumbari. Huɗubar ba ta kai ta farko ƙawa ba, ya yi tuntuɓe sau biyu, wata jimlar ma ba ta ƙare daidai ba. Ya yi magana a kan sayar da gero da wuri, ya ambaci malamin da ya fara jawo hankalinsa ga batun, ya roƙa masa alheri, jama'a suka ce amin. An gaya mana cewa bayan salla magidanta sun daɗe a ƙofar masallaci suna gardama a kan abin da ya faɗa, wasu na ganin ya yi daidai, wasu na cewa yaro bai san nauyin biki ba. Mu a wurinmu wannan gardamar ta fi shirun da aka yi masa da damina.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan malamanmu da muka ari irinsu, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda ba mu sani ba. Ya sa mu riƙe amanar abin da muka karɓa, Ya ba mu ikon ƙara masa ko da ƙwaya ɗaya kafin mu miƙa wa na bayanmu. Ya tsare mu daga son a yabe mu a kan abin da ba mu aikata ba. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.